Sanarwar da ta fito daga zaurenmu

Shugaba, ka yi mini afuwa, zan tsallake ajanda. Rahoton kuɗi yana hannuna, zan karanta, amma akwai maganar da ta hana ni barci tun ranar Talata.

Ƙanwar ɗaya daga cikinmu ce, yana zaune a ɗakin nan, ba zan kama suna ba. Malamar kemistiri ce a Zariya, ta daɗe tana koyarwa. Ta ga sanarwa wai wata makaranta a nan Doha tana neman malamai, ta tura takardunta. Kwana uku sai ga wasiƙar ɗaukar aiki, da tambarin makarantar a sama, albashi mai tsoka, gida kyauta, tikitin jirgi. Ba a yi mata intabiyu ba, ko muryarta ba wanda ya ji. Aka ce ta biya kuɗin biza da na gwajin lafiya ta hannun wani wakili. Ta kwashe adashenta, ta sayar da sarƙar gwal ɗin aurenta, ta ajiye aiki. Ranar Talata yayanta ya ɗauki wasiƙar ya kai ofishin makarantar da ƙafarsa. Suka ce ba su san da zancen ba, wanda ya sa hannun ma ba ma'aikacinsu ba ne.

To a ina ta samu sanarwar? A zaurenmu na WhatsApp. Wani ya turo, yayanta ya tura mata, ya ce ai daga 'yan ƙungiya ta fito. Sunanmu ta gani ta saki jiki. Na koma na duba saƙon, na ga mun bi shi da "Allah ya sa a dace", har da ni. Adireshin da aka ce a tura takardu na Gmail ne. Makarantar da ke da harabarta da shafinta, a ce tana ɗaukar malamai da Gmail? Kuma ba wanda ya lura!

Don Allah ku kai wannan gida. Dokar ƙwadago ta Qatar, tun ta 2004, ta hana a karɓi kuɗi a hannun ma'aikaci don a ɗauko shi aiki. Biza nauyin makaranta ce. Kuɗin da malami zai kashe sanannu ne: tantance takardun karatu a Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da ta Harkokin Waje a Abuja, sannan ofishin jakadancin Qatar, da takardar shaidar 'yan sanda, da rajistar TRCN, hukumar rajistar malamai ta Najeriya. Shi zai biya da hannunsa a ba shi rasit. Shafukan da makarantu ke amfani da su, irin su TES da Schrole da Search Associates, wasunsu suna karɓar kuɗin rajista, gaskiya ne, amma a shafinsu ake biya, kuma ba su ce sun sayar maka da aiki ba.

Sannan ba makarantar kirki da za ta damƙa wa mutum yaran jama'a ba ta ga fuskarsa ba. Malaman da ke cikinmu shaida ne. Akan fara neman malamai tun wajen Oktoba, a yi ta yi har Fabrairu ko Maris, don a kama aiki a Agusta. Intabiyu ta Zoom ko Teams, kyamara a buɗe, sau biyu ko uku: shugaban sashe, sannan shugaban makaranta. Za su tambaye ka me za ka yi in yaro ya gaya maka ana cutar da shi a gida, ya ce kada ka faɗa wa kowa. In ka ce za ka rufa masa asiri, ka faɗi. Wani lokaci su ce ka koyar da ɗan darasi suna kallo. Kuma sai sun tuntuɓi shugaban makarantar da kake yanzu. Ita ba a yi mata ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, kuma ba mu gaya mata ana yi ba.

Har na gaskiyar ma muna barin yaranmu su shiga a makance. Ɗan yayata a Kano aka sa masa intabiyu ƙarfe goma na safe. Ya sa kwat, ya zauna ƙarfe goma na Kano, alhali Doha ta riga mu da awa biyu. Mutanen sun jira shi ƙarfe takwas ɗinsa sun tashi. Suka yi masa alfarma suka sake sa rana, Lahadi, ya kira ni wai ko kuskure ne. Na ce ranar aiki ce a nan. Ana tsaka da magana aka ɗauke wuta, ya tayar da janareta a gindin taga, daga nan sai dai su ga bakinsa yana motsi. Ni na san yaron nan. Ya koyar da aji cike maƙil, alli kawai da allo, cikin hazon Janairu, yara suka ci WAEC. Wallahi malamanmu ba su kasa kowa ba. Duk da haka kada mu ruɗi kanmu, akwai makarantun da fasfo suke fara dubawa. Shi ya sa wanda zai nema ya karanta manhajar IGCSE ta Kambirij ko ta IB tukuna, wato manhajojin da makarantun ƙasa da ƙasa ke koyarwa, ana samun su a intanet. Masu koyar da lissafi da kimiyya kuma su bincika shaidar koyarwa ta Ingila, QTS, wadda aka buɗe wa malaman Najeriya da Gana ƙofar nema a Fabrairun 2023. Su duba ƙa'idar da ke aiki yanzu kafin su kashe ko sisi.

Ina roƙonku, iyayena da yayyena. Daga yau kada kowa ya sake tura sanarwar aiki a zaure sai ya turo mini na kira makarantar. Muna gari ɗaya da su, kira ɗaya ne. Malamanmu kuma, mutum uku su ba da awa guda a mako, su riƙa gwada wa 'yan gida intabiyu kafin ranar. Ku gaya musu su cika caji, su tanadi layi biyu, su fuskanci taga, su rufe ƙofa saboda yara. Baiwar Allah nan tana Zariya yanzu ba aiki ba sarƙa, kuma ta hanyarmu abin ya same ta.

Rahoto a taƙaice: an biya kuɗin zauren taro, an kai gudummawar ta'aziyyar da aka yanke, kuɗin wata kuwa fiye da rabinku ba ku biya ba, kun san kanku, ba yau zan bi ku ba. Ma'aji, ka ajiye kwalin nan a bakin ƙofa. Abin da aka samu daren nan za mu tura mata, yayanta ya tsaya bayan addu'a.