Wa ka sani a Cardiff? Hira kan sanayya da neman aiki a Wales

Zainab: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Zainab ce daga Cardiff, ga Anti Binta nan kusa da ni, sai Rabi'u da ya shigo ta waya daga Bangor a arewacin Wales. Rabi'u, kana jin mu?

Rabi'u: Ina jin ku sarai. Anti, ina wuni, ya gajiya?

Anti Binta: Lafiya lau, Rabi'u. Ya sanyin wajenku?

Rabi'u: Alhamdu lillahi, ruwa dai ake tun asuba.

Zainab: Abin da ya jawo hirar yau, wata yarinya ce 'yar nan Wales da muke aiki tare. Ta gama digiri, ta yi wata da watanni tana cika fom a intanet, shiru kake ji. Ranar nan wata dattijuwa da suke ƙungiyar waƙa ɗaya ta ce mata, ai ofishinmu za a nemi ma'aikaci, ki sa ido. Ta nema, ta yi intabiyu, ta samu. Tun lokacin abin yake yi min yawo a rai, ban san ko murna zan yi ko damuwa ba.

Anti Binta: Ki fara da girman ƙasar tukuna. Ƙidayar 2021 ta ce mutanen Wales miliyan 3.1 ne. Jihar Kano kaɗai ta ninka su sau uku tun a ƙidayar 2006. Manyan wuraren aikin kuma ana iya ƙirga su da yatsu: gwamnatin Wales da majalisar dokoki ta Senedd, asibitocin gwamnati na NHS, BBC a tsakiyar Cardiff, tashar talabijin ta S4C da ta koma Carmarthen, kamfanin inshora na Admiral, ofishin lasin tuƙi a Swansea, ofishin ƙididdiga a Newport, sai Airbus can Broughton inda ake ƙera fikafikan jirgi. Mutane zagayawa suke yi a tsakanin waɗannan. Wadda ta horar da ke a nan, bayan shekara biyar sai ki tarar da ita a teburin intabiyu a can.

Zainab: Wato kowa ya san kowa.

Anti Binta: In bai san ki ba, ya san wanda ya san ki. Kuma ki lura da wadda ta taimaki yarinyar nan. Ba ƙawarta ta ƙut da ƙut ba ce. Akwai wani masanin zamantakewa Ba'amurke, Mark Granovetter, da ya yi bincike a kusa da Boston ya fitar a 1973. Ya gano cewa masu samun aiki ta hanyar mutane, yawanci daga bakin wanda suke gaisawa jefi-jefi suke jin labarin. Dalilin a fili yake. Aminiyarki abin da kika sani shi ta sani, inda kike zuwa nan take zuwa. Wadda kuke haɗuwa sau ɗaya a mako ita ke da labarin wani gidan da ba kya shiga.

Rabi'u: Anti, na yarda, amma ku na Cardiff kuna mantawa da mu. Taron da ake yi ƙarfe shida na yamma a Cardiff ba namu ba ne. Jirgin ƙasa daga Bangor sai ya fita ya shiga Ingila, ya bi ta Shrewsbury da Hereford, sannan ya dawo Wales. Fiye da awa huɗu. Shi ya sa matashin arewa ya fi kallon Chester da Liverpool da Manchester. Mu abin da ya ɗan taimaka mana shi ne M-SParc a tsibirin Anglesey, da aka buɗe a 2018, inda ƙananan kamfanonin kimiyya suke gini ɗaya. A wurin shan shayin nan na ga an ƙulla abubuwa da yawa.

Zainab: To ina arewa da kudu suke haɗuwa?

Rabi'u: A Eisteddfod. Bikin waƙe da adabi ne na harshen Welsh, makon farko na Agusta, kowace shekara da garin da ake kai shi. A 2023 an yi a Boduan nan kusa da mu, 2024 Pontypridd, 2025 Wrexham. Na je na Boduan, wallahi na yi mamaki. Fili ne cike da rumfuna: jami'o'i, ƙananan hukumomi, jam'iyyu, gidajen talabijin. Shugaban da in a ofis ne sai ka yi wata kana neman ganinsa, ga shi nan tsaye da takalmin ruwa yana shan shayi, kowa na iya yi masa sallama. Manoma su ma suna da nasu, baje kolin Royal Welsh a Llanelwedd a watan Yuli. Kuma yaran da suka taso a ƙungiyar matasa ta Urdd, wadda aka kafa tun 1922, tun suna firamare suke gasa da juna. Kafin su gama jami'a sun san sa'o'insu a kowane lungu na ƙasar.

Zainab: Yauwa, ka zo inda ke yi min ciwo. Su kansu 'yan Wales suna da suna ga wannan. Suna cewa crachach, wasu su ce Taffia, wato 'yan tsirarun manya da ake zargin sun riƙe kafofin watsa labarai da hukumomi suna miƙa wa junansu. Mu ma mun san zancen, mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwo gaya. Ku dubi unguwar Butetown a nan Cardiff. 'Yan Somaliya da 'yan Yaman sun fi shekara ɗari a unguwar, tun kakanninsu na aikin jirgin ruwa. Daga can zuwa ginin Senedd da ƙafa ake zuwa. Amma yaron unguwar wa ya sani a ciki? Ko ɗan ma'aikacin ƙarfe a Port Talbot. A 2024 aka kashe manyan tandunan narka ƙarfe, ayyuka wajen 2,800 aka ce za su tafi. Duk wanda babansa ya sani a masana'antar nan yake. To wa zai ce masa ka sa ido?

Anti Binta: 'Yata, maganarki gaskiya ce, ba zan kauce mata ba. Amma bari in raba miki abu biyu. Akwai sanayya, akwai alfarma. Na zauna a kwamitin ɗaukar ma'aikata ba sau ɗaya ba. Tambaya iri ɗaya ake yi wa kowa, kowa da makinsa a rubuce, in ka san mai nema dole ka faɗa. Sanayya ba ta ƙara maki.

Zainab: Amma Anti, ita ta gaya wa mutum akwai gurbin. Ita ta duba masa fom, ta ce kwamiti misali yake so ka kawo, kar ka tsaya yabon kai. Kafin a zauna a teburin an riga an yi rabin tafiyar.

Anti Binta: Haka ne. Na sha ganin yaro mai ƙwazo ya faɗi don kawai ba wanda ya taɓa nuna masa yadda ake amsa irin tambayoyin nan, kuma abin yana ci min rai har yau. Sai dai ni abin da na ɗauka daga ciki shi ne, tunda nan ne ake cin riba, to a kai yaran can wurin. Hana mutane sanin juna ba zai yiwu ba.

Rabi'u: Kuma akwai ƙofar da ba ta buƙatar uba, ita ce harshe. Masu jin Welsh 538,300 ne a ƙidayar 2021, gwamnati kuma tana neman miliyan ɗaya nan da 2050. Tun dokar harshe ta 2011 hukumomi ke neman masu iya hidima da shi, za ka ga tallan aiki an rubuta Welsh wajibi ne ko ana so. Matasa har zuwa shekara 25 kyauta ake koya musu. Ni ajin yamma na shiga, a nan na san wata nas, da injiniya, da wani ma'aikacin ƙaramar hukuma. Akwai ɗan bajo ruwan lemo da masu jin harshen ke maƙalawa a riga. Ranar da na fara sa na masu koyo, mutane da kansu suke tare ni da hira.

Zainab: Waɗanda suka tafi fa? Don da yawa suna gama karatu sai Landan. Daga Cardiff zuwa tashar Paddington a Landan bai kai awa biyu a jirgin ƙasa ba.

Anti Binta: Tafiyar ba laifi ba ce, yanke zumuncin ne asara. A Landan akwai cibiyar 'yan Wales a titin Gray's Inn, ana kuma yin Makon Wales dab da 1 ga Maris, ranar waliyyinsu Dauda. Ƙungiyar GlobalWelsh tana haɗa na waje da na gida, Darogan Talent kuma tana nuna wa masu digiri ayyukan da ke gida in suna son dawowa.

Zainab: To mai kunya irin yarinyar da na ba ku labari, da me za ta fara?

Anti Binta: Da paned, kofin shayi ke nan a Welsh. Ta zaɓi mutum ɗaya da ya riga ta a sana'ar, ta rubuta masa layi uku a LinkedIn, ta nemi minti ashirin. Kar ta ce a ba ta aiki, nauyi take ɗora masa. Ta tambaye shi ta ina ya bi, me ya so a ce ya sani da wuri, wa kuma ya kamata ta gani bayansa. Washegari ta yi godiya. Bayan wata biyu ta sanar da shi inda aka kwana. Wannan na ƙarshen shi yawancin yara ke bari, alhali shi ke sa a tuna da mutum.

Rabi'u: Sai kuma a kula, Anti. Yadda labarin kirki ke gudu a ƙaramar ƙasa, haka na saɓa alkawari.

Zainab: Anti, ina da roƙo tunda muna kan iska. Akwai 'yan mata biyu a Butetown da suka karanta lissafin kuɗi, ba su san kowa a harkar ba. Za ki sha shayi da su?

Anti Binta: Ki kawo su ranar Asabar bayan la'asar. Su zo da fom ɗin da suka cika na ƙarshe, mu duba tare.

Zainab: Allah ya saka da alheri. Rabi'u, a gaida mutanen Bangor. Masu sauraro, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.