Jinyar Dokin da Aka Ceto Bayan Kofatonsa Ya Lalace

Wannan lacca ce da wani likitan dabbobi ya gabatar wa masu kiwon dawaki da ɗalibai. An naɗi muryarsa, aka mayar da ita rubutu.

Assalamu alaikum. Na gode muku da wannan zama, musamman dattawan da ke cikinmu, waɗanda wasunsu sun riƙe linzami tun kafin a haife ni.

Zan fara da wani doki da aka taɓa kawo mini. Ya daɗe a ɗaure wuri ɗaya, ba wanda ya duba ƙafarsa. Da aka sauke shi daga mota, kofatansa na gaba sun yi tsawo har sun lanƙwasa sama kamar ƙahon rago. Daga nesa kana ƙirga haƙarƙarinsa. Ya miƙa ƙafafun gaba, ya tattaro na baya ƙarƙashin ciki, ya jingina da baya kamar mai shirin zama. Wanda ya ceto shi mutumin kirki ne, idonsa cike da hawaye ya ce mini: "Likita, na riga na tanadar masa hatsi, na kuma kira mai gyaran kofato ya zo yau ya daidaita su gaba ɗaya." Na ce masa: "Malam, Allah ya saka da alheri, amma in ka yi waɗannan abubuwa biyu yau, dokin nan ba lallai ya ga mako mai zuwa ba." A irin wannan jinya, abin da ya fi ba ni tsoro shi ne tausayin da ke sa mutum gaggawa, garin neman gira a rasa ido.

Sai mun san yadda kofato yake kafin mu san abin da ya lalace. Mutane da yawa sun ɗauka ƙashin ƙarshe na ƙafar doki a kan tafin kofato yake zaune, kamar ƙafa cikin takalmi. A'a, a rataye yake. Tsakanin ƙashin da bangon kofato akwai wasu siraran ganyayen nama da suka sarƙe da juna, kamar ka ɗauki littattafai biyu ka cusa shafukan wannan cikin na wancan. A kowane kofato akwai manyan ganyaye wajen 550 zuwa 600, kowannensu kuma yana da ƙanana 150 zuwa 200. Su ke ɗauke da nauyin dokin baki ɗaya, kuma kusan kashi 60 cikin ɗari na nauyin a ƙafafun gaba yake, shi ya sa ciwon ya fi kama su.

In waɗannan ganyaye suka kumbura suka yi rauni, shi ne cutar da likitoci ke kira laminaitis. In suka saki, sai babbar jijiyar da ta biyo bayan ƙafa ta kama ƙashin daga ƙasa ta riƙa jansa, bakinsa ya juya ya nufi tafi. Wani lokaci ma ƙashin gaba ɗaya ke nutsewa, ka sa yatsa inda gashi ya haɗu da kofato ka ji rami. In abin ya ƙazance, ƙashin yakan huda tafin ya fito. Ku tuna zafin farcen da ya ɗaye daga yatsa, sannan a ce mutum ya tsaya a kansa dare da rana.

Hanyoyin kamuwa uku ne. Ta farko guba ce da ke shiga jini: doki ya ɓalle ya ci hatsi ya wuce kima, ko zawo mai tsanani, ko goɗiya ta haihu mabiyiya ta ƙi fita. Ta biyu nauyi ne: ƙafa ɗaya ta karye, ɗaya ta ɗauki kayan biyu har ta gaji. Abin da ya sami wani dokin tsere mai suna Barbaro ke nan a Amurka, wanda ya ci tseren Kentucky Derby a 2006. Bayan makonni biyu ya karye a ƙafar baya ta dama, aka yi masa aiki, sai cutar ta kama ta hagu, a Janairun 2007 aka hutar da shi. Secretariat ma, wani dokin tsere da ya kafa tarihi a 1973, wannan cuta ce ajalinsa a 1989. Na kawo su ne don ku san ba rashin kuɗi ko rashin ƙwararru kaɗai ke sa a rasa doki ba. Cutar ce mai wuya.

Hanya ta uku ita ce mafi yawa, kuma an daɗe ba a gane ta ba: yawan insulin a jini, wato sinadarin da ke daidaita sukarin jini. A 2007, masu bincike a Jami'ar Queensland ta Ostareliya suka ɗura wa lafiyayyun ƙananan dawaki, irin masu gajeren jinsi, insulin, sukarin jininsu na daidai, amma duka suka kamu cikin kwana 3. A 2011 wani bincike a asibitin dawaki na Helsinki a ƙasar Finland ya nuna kusan 9 cikin 10 na dawakin da aka kawo da cutar suna da matsalar sinadaran jiki. Ko dai ƙiba ce, irin wadda kitse ke taruwa a doron wuya, ko kuma ciwon wata ƙaramar halitta da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, wanda ke kama tsofaffin dawaki, gashinsu ya yi tsawo ya ƙi zuba, naman bayansu ya zaizaye. Wannan ciwon na tsofaffin dawaki ku riƙe shi da kyau, don dokin da aka ceto a rame ana iya ɗora komai a kan yunwa, alhali akwai ciwo a ƙasa. Ana gano shi da gwajin jini, kuma akwai maganinsa, pergolide, da ake ba shi kullum. Sai dai zafin ciwo da lokacin shekara suna canza sakamakon gwajin, don haka ni nakan jira doki ya ɗan natsu kafin in ɗebi jini.

To, ran farko me za a yi? Taɓa kofaton ka ji ko da zafi. Sa yatsu a bayan gaɓar da ke saman kofato, in jini na bugawa da ƙarfi, ciwon na ci. Dubi zoben da ke jikin bango: a lafiyayyen kofato a jere suke, a mai tsohon ciwo kuwa sun matse a gaba sun buɗe a dunduniya, domin dunduniya ta fi gaba saurin tsiro. Tun 1948 wani likita ɗan Suwidin, Nils Obel, ya kasa tsananin ciwon hawa 4, daga dokin da ke ta sauya ƙafa in yana tsaye, zuwa wanda ba ya motsi sai an tilasta shi. Dokin da na ba ku labari yana hawa na 3: yana tafiya da ƙyar, ba ya yarda a ɗaga masa ƙafa.

Kar a zagaya da shi wai don jini ya motsa. Kowane taku yana ƙara yaga abin da ya rage. A sa shi a ɗaki, a zuba yashi mai laushi ko shimfiɗa mai kauri har bakin ƙofa, ruwa da abinci kusa da bakinsa. A yanka soso mai kauri daidai tafin, a ɗaure, ya tallafi bayan kofato, kada ya danna inda bakin ƙashi yake. In ya kwanta a bar shi ya kwanta, kwanciyar magani ce, sai dai a riƙa duba kwatangwalo da kafaɗa kada su yi gyambo. Ƙanƙara tana aiki ƙwarai, amma a farkon ciwo ko kafin ya bayyana, a tsoma ƙafar har ƙasan gwiwa kwana 2 zuwa 3 ba yankewa. Ba za ta mayar da ƙashin da ya juya tun bara ba.

Maganin zafi dole ne. Wanda aka fi amfani da shi fenilbutazon ne. Amma dokin da ya rame, jikinsa ba ruwa, wannan magani na iya taɓa masa ƙoda, ya sa masa gyambon ciki da na hanji. A fara tabbatar yana shan ruwa, a ba shi mafi ƙarancin abin da zai wadatar, kar kuma a haɗa shi da wani magani irinsa. In bai isa ba, likita na iya ƙara farasitamol ko gabafentin.

Yanzu gyaran kofato, inda nake so mu tsaya. Kofaton da ya lalace yana yaudarar ido. Abin da kake gani a waje ba ya gaya maka inda ƙashi yake a ciki. Shi ya sa nake roƙo, in da hali, kar wuƙa ko magagari su taɓa shi sai an ɗauki hoton ƙashi daga gefe. Hoton zai nuna yawan juyawar ƙashin, da ko ya nutse, da kaurin tafin da ya rage a ƙarƙashinsa. Muna son wajen milimita 15. Na dokin nan bai kai rabin haka ba. Da an fere tafin a ranar don ya yi kyan gani, da an kai ga ƙashi.

Wannan dogon baki da ya lanƙwashe, mataccen ƙaho ne, kuma kowane taku yana ɓanɓare bango daga ƙashi, kamar yadda dogon farce ke ɗayewa in ya maƙale a tufa. Shi ana iya rage shi tun farko, daga gaba, hoto na nuna iyaka. Tafi kuwa a bar shi, ko ya yi muni. Dunduniya a riƙa rage ta kaɗan-kaɗan, don in ka sauke ta lokaci ɗaya ka ƙara ɗaure jijiyar nan da ke jan ƙashi. Sai a dawo bayan mako 2 zuwa 4, a sake, a sake. Manufar ita ce sabon kofaton da ke tsirowa daga sama ya sauko daidai da fuskar ƙashi. Kuma ku tuna, ɗaga ƙafa ɗaya yana nufin ɗayar mai ciwo ta ɗauki komai. A sa mata soso, a yi aikin a gajerun lokuta, ko a kashe zafin da allura, ko a yi masa yana kwance.

Maganar takalmi, akwai mai sanda a tsakiya da ke tallafar tsokar tafi, wanda Burney Chapman ya farfaɗo da shi a shekarun 1980. Akwai na katako da likita Mike Steward ya yaɗa, ana ɗaura shi ba tare da buga ƙusa ba, doki ya juya ƙafarsa ta inda ya fi masa sauƙi. Na ga kowannensu ya yi amfani, na kuma ga kowannensu ya yi ɓarna a kan kofaton da ba a gyara daidai ba. Likita da mai gyaran kofato su tsaya tare a gaban hoton, kowa ya saurari ɗan'uwansa.

Sai abinci. Jikin da ya daɗe cikin yunwa ya koma cin kansa. In ka ba shi hatsi kwatsam, insulin ya tashi, ya kwashe sinadaran fosfarus da fotashiyam da magniziyam daga jini zuwa cikin tsoka, zuciya da numfashi su gaza, doki ya faɗi cikin 'yan kwanaki, mai shi yana murna ya ga yana ci. Ga shi kuma insulin ɗin nan shi ne maƙiyin kofato. Jami'ar Kalifoniya da ke Davis ta yi bincike a kan haka, tsarin da ta fitar shi ne: rabin kilo na busasshiyar ciyawar alfalfa duk bayan awa 4 a kwana 3 na farko, sannan a riƙa ƙarawa a hankali har kwana 10, ba hatsi ko kaɗan. Cikowar jiki sai wata 3 zuwa 5. In ingiricin da kake da shi mai zaƙi ne, jiƙa shi a ruwa kamar awa ɗaya ka zubar da ruwan, sukarin zai ragu. Ɗanyar ciyawa sabuwar tsiro a hana shi. In kuma dokin mai ƙiba ne, a rage masa sannu, kar a hana shi ci gaba ɗaya, don kitse na iya malalowa cikin jini ya lalata hanta, musamman ƙananan dawaki da jakuna. A duba haƙora, a yi allurar rigakafin cutar sarƙe-haƙora, maganin tsutsa kuma a bari sai ya ɗan yi ƙarfi.

A wata na biyu mutumin da ya ceto dokin nan ya kira ni da asuba, muryarsa na rawa, wai doki ya koma gidan jiya, ba ya taka ƙafar dama. Ƙurji ne. Mataccen naman da ke ciki sai ya nemi hanyar fita, ta tafi ko ta saman kofato. Muka buɗe ƙaramar kafa a gefen tafi, mugunya ta fita, aka jiƙa da ruwan ɗumi da gishiri, aka naɗe. Sau uku ya yi mana haka. Ina gaya wa kowa wannan tun ran farko don kada zuciyarsa ta karye. Kofato na tsiro milimita 6 zuwa 10 a wata, kafin sabo ya sauko daga sama har ƙasa sai wata 9 zuwa shekara.

Akwai wanda duk wannan ba zai ishe shi ba. In ƙashi ya ci gaba da juyawa, ana iya yanke jijiyar da ke jansa, a sami sauƙi, amma dokin ba zai koma aiki mai nauyi ba. In kuwa ƙashi ya nutse a ƙafafu da yawa, ko ya ruɓe, ko bango ya fara saɓulewa, doki na kwance yawancin yini, ya daina ci duk da magani, to barinsa a haka zalunci ne. Na sha faɗa wa mai doki wannan magana, kuma ba ta taɓa yi mini sauƙi ba. Hutar da shi cikin gaggawa ba tare da azaba ba yana cikin haƙƙin da yake da shi a kanmu.

Na ga Baba ya ɗaga hannu. Na'am, ranka ya daɗe. Tambayarsa ita ce, shin an sake hawan dokin? Ba a sake ba, Baba. Hoton ƙarshe ya nuna bakin ƙashin ya zaizaye, kuma abin da ya zaizaye ba ya dawowa. Amma a wata na 11 tafinsa ya yi kauri, an daina ba shi maganin zafi, yana fita fili mara ciyawa da ƙafarsa, yana birgima, yana tashi da kansa. Har yanzu duk mako 4 ana gyara masa kofato, kuma duk safiya mai shi yakan durƙusa ya sa yatsu a bayan gaɓar ya ji bugun jini kafin ya zuba masa abinci.