Yadda labaran tsoro na tsoffin mujallun Amurka suka koma littattafai masu zane

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Yau zancen namu kan waɗancan littattafai ne masu kauri da ake tara tsoffin gajerun labaran tsoro da na bokanci da takobi na Amurka a ciki, kowane labari da zanensa a gefe. Su fa labaran nan ba a littafi aka haife su ba, a mujallu ne masu arha da ake kira pulp, saboda takardar da niƙaƙƙen itace ake yinta, mara inganci, kamar dai yadda littattafan soyayya suka cika kasuwar Kano, a saya da kuɗi kaɗan a karanta a ba maƙwabci.

Wadda ta fi shahara ita ce Weird Tales, ta fara fitowa a Chicago a watan Maris 1923, ta tsaya a 1954 bayan fitowa 279, kuma a zamanin da take tashe kwafi ɗaya santi 25 ne. Edita Farnsworth Wright shi ya riƙe ta daga 1924 zuwa 1940, kuma mutum ne mai wuyar sha'ani, don labarin marubucin tsoro H.P. Lovecraft mai suna The Call of Cthulhu sai da ya ƙi karɓa tukun daga baya ya buga shi a Fabrairun 1928. A nan ne Robert E. Howard, ɗan wani ƙaramin gari Cross Plains a Texas, ya fito da jarumin labaransa mai takobi, Conan, a Disambar 1932, sannan ga Clark Ashton Smith da C.L. Moore, mace ce ita, amma da haruffan farko na sunanta take sa hannu.

To amma abin da nake so ku riƙe, a wajen mai saye zanen bango ne ke janyo shi. Mutum na wucewa ta rumfar jarida bai san wani Lovecraft ba, abin da idonsa ya gani shi zai sa ya zura hannu aljihu. Margaret Brundage ita ta riƙe bangon nan a shekarun 1930, da allin kala take zane, mata cikin shiga mai bayyana jiki a hannun dodanni ko matsafa, ana biyanta dala 90 kowane bango, masu karatu suna ta rubuto wasiƙun ƙorafi amma mujallar na ta ƙarewa a kasuwa. Har ta kai wasu marubuta suna cusa irin wannan fage a labarinsu da gangan don dai su hau bango. Shi Lovecraft da yau duniya ke ta kiran sunansa, har ya mutu a 1937 ko sau ɗaya labarin da ke ɗauke da sunansa bai hau bangon Weird Tales ba. Kun ji fa. Da mujallar ta koma New York a 1938 aikin Brundage ya fara ja baya, don allin nata gogewa yake in an ɗora shi a doguwar tafiya.

Ni dai in za a tambaye ni, gwanin gaske Virgil Finlay ne, wanda ya fara da su a 1935. Shi da baƙin tawada yake aiki, ɗigo ɗigo da bakin alƙalami har inuwa ta fito, zane ɗaya sai ya ci kwanaki, kuma wannan salon ya dace da labarin tsoro sosai domin ba ya nuna maka dodon gaba ɗaya, rabinsa na cikin duhu kai ne za ka ƙarasa shi da zuciyarka. Lovecraft har waƙa ya rubuta masa don yabo. Matsalar ita ce a kan waccan takardar tawada nashewa take, ɗige-ɗigen su haɗe su zama baƙi kawai.

Nan ne amfanin tattarawar ya fito. Takardar mujallun tana da asid, da shekaru sai ta yi ja ta riƙa marmashewa a hannu. Marubuta August Derleth da Donald Wandrei suka kafa kamfanin buga littattafai na Arkham House a Wisconsin a 1939 don kar aikin Lovecraft ya ɓace, littafinsu na farko kwafi 1,268 suka buga, Finlay ya yi bangon, kuma sai da ya ɗau shekaru kafin ya ƙare.

In za ku sayi irin wannan littafi ku duba ko zanen na asali ne aka sake bugawa a takarda mai kyau ko wani sabon mai zane aka ɗauko, duk biyun akwai, ni na fi son na asalin. Sannan ku shiga da shiri, wasu labaran musamman na Lovecraft akwai wariyar launin fata ƙarara a ciki, yadda yake siffanta baƙar fata da baƙi 'yan ci-rani ba daɗin karantawa, bugun kirki yakan faɗi haka tun a gabatarwa. A bidiyo na gaba za mu ɗauki Conan shi kaɗai, sai mun haɗu.