Daren Sinima a Kano ta Jiya

Masu kallo, kafin akwatin bidiyo ya shiga ɗakunan mutane, duk wanda yake son kallon fim a Kano sai ya jira rana ta faɗi. Dalili kuwa shi ne yawancin gidajen sinima na wancan zamani ba su da rufi. Katanga ce doguwa ta kewaye fili, da farin bango a gaba, don haka hoto ba ya fita sai duhu ya sauka, kuma idan hadari ya taso da damina, to kallon wannan dare yana hannun Allah.

Rex, wadda aka buɗe a 1937, tana cikin na farko, kuma 'yan kasuwa Lebanawa ne suka riƙe wannan sana'a shekara da shekaru. Daga baya aka sami El Dorado a Sabon Gari, da Plaza a Fagge, da Orion a Ƙofar Wambai, da Marhaba a Farm Centre. Mafi yawansu a wajen ganuwa aka gina su, domin malamai da dattawan birni ba su yi na'am da abin ba, har wasu suna kiransa dodon bango. Gobarar sinimar El Duniya ta 1951, wadda ta ci rayuka 331, ta ƙara wa mutane tsoro, kuma mace mai kamun kai ba kasafai take taka ƙofar wurin ba.

Duk da haka samari ba su daina tururuwa ba, kuma a ganina abin da ya riƙe su ya wuce fim ɗin kansa. Tun daga bakin ƙofa hira take farawa, ga mai tsire yana fifita wuta, ga mai shayi, ga yara masu tallar gyaɗa da rake, ga kekuna jere an ba da ajiya. Wanda kuɗinsa bai kai ba ya zauna a benci can gaba, yana ɗaga wuya, mai hali kuma ya nemi kujera a baya. Da zarar haske ya faɗa kan bango, sai taron ya zama tamkar mutum ɗaya: a yi wa jarumi tafi, a yi wa mugu ihu, a gargaɗi yarinya cewa ga maƙiyi nan a bayanta, kamar tana ji. Idan fim ya tsinke ko wuta ta ɗauke, mai kula da na'ura ne zai sha surutu har sai ya gyara.

Finafinan Indiya su ne suka fi samun karɓuwa. 'Yan kallo ba su jin Indiyanci, amma labarin auren dole da biyayya ga iyaye da kunya tsakanin saurayi da budurwa ba baƙo ba ne a wurinsu. Sukan haddace waƙoƙin, su raɗa wa taurarin sunayen Hausa, washegari kuma wanda ya kalla ya zauna a majalisa ya ba abokansa labari tun daga farko har ƙarshe, yana kwaikwayon faɗan da hannu.

Da bidiyo ya yaɗu, musamman bayan 1990 lokacin da finafinan Hausa suka fara fitowa a kaset, kallo ya koma cikin gida, mata ma suka sami rabonsu. Da yawa daga cikin waɗancan gidaje yanzu shaguna ne da kasuwanni, amma har gobe idan ka ce wa mai adaidaita sahu ya kai ka Plaza ko El Dorado, ba zai tambaye ka hanya ba.