Wai Mi Turawa Ke Nema Da Suke Kawo Muna Tallafi?

[hoto: layin mata da goyo a bakin asibiti da sassafe]

Assalamu alaikum jama'a. Tun da gwamnatin Trump ta dakatar da tallafin ƙasashen waje a watan Janairun 2025, daga baya ta rufe USAID, hukumar Amurka mai raba tallafin, ɗungurungum, magana ɗaya ke ta yawo a WhatsApp da majalisun Gusau da Birnin Kebbi, wai gara da suka tafi, dama Bature baya kyauta don Allah, in ka ga ya baka to akwai abin da ya hango. Saƙonnin murya iri wanga sun cika min waya, shi ya sa na ce bari mu zauna mu warware. Rabin maganar gaskiya ce fa. Ɗaya rabin ne mutane ke zamewa a kai.

Da farko, bashin Bankin Duniya ko IMF daban, agajin jinƙai daban. Bashi ana biya da ruwa. Agaji shi ne abinci, magani, tanti, ruwan sha, lokacin da ambaliya ta ci gonakin shinkafa a Argungu ko 'yan bindiga suka tashi ƙauye, kuma ba wanda zai dawo ya ce a biya shi. Mun gama da wannan.

[hoto: taswirar duniya, tutoci na fitowa ɗaya bayan ɗaya]

Dalili na farko ba sai na daɗe a kai ba, tausayi ne da addini, mu da muke fidda zakka mun san shi. Red Cross tun 1863 take, likitocin MSF, masu aikin agaji ƙasa-ƙasa, a 1971 suka kafa ƙungiyarsu bayan abin da wasunsu suka gani a yaƙin Biyafara, Saudiyya ma tana da cibiyar agaji ta Sarki Salman tun 2015, kenan ba Turawa kaɗai ke bayarwa ba. A 1970 Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsaida cewa ƙasashe masu arziki su riƙa ware kashi 0.7 cikin ɗari na abin da suke samu, kuma har yau 'yan ƙalilan irin su Norway da Luxembourg ne ke cikawa. Amurka kam kafin 2025 kusan kashi ɗaya cikin ɗari na kasafinta ne ke tafiya tallafin waje, duk hayaniyar nan a kan kashi ɗaya ake yinta.

[hoto: wurin niƙan duwatsun zinari, yara na wasa kusa]

Mu Zamfarawa ba labari aka bamu ba. A 2010 yara suka riƙa faɗuwa suna jijjiga a Dareta da Yargalma da ƙauyukan Anka da Bukkuyum, ana ta ba su maganin zazzaɓi baya ci, sai da likitocin MSF suka sa aka gwada jini aka gano gubar dalma ce daga duwatsun zinarin da ake niƙawa cikin gidaje. Sama da yara 400 suka rasu. Bagega sai 2013 aka samu aka kwashe gurɓatacciyar ƙasarta. Wanda ya ga wannan da idonsa, da wuya ka gamsar da shi cewa duk mai agaji mugu ne. Kuma ita MSF sama da kashi 95 na kuɗinta daga aljihun mutane da masu zaman kansu yake fitowa, ba daga wata gwamnati ba.

To yanzu ku gyara zama, nan ne wurin.

Gwamnatocin da ke bada tallafi suna da riba? Ƙwarai kuwa, kuma basu ma ɓoye ba, a rubuce take cikin dokokinsu. Shirin abincin agaji na Amurka da aka kafa a 1954, hatsin daga hannun manoman Amurka ake saye, aƙalla rabinsa kuma dole jiragen ruwan Amurka su ɗauko. Manominsu ya samu kasuwa, mai jirginsu ya samu lodi. Turai kuma ta buɗe asusu na musamman a 2015 don Afirka, saboda matasan da ke bi ta Agadas su ratsa sahara su faɗa teku, so suke ka samu abin yi a gida kada ka ƙwanƙwasa musu ƙofa. Akwai kuma neman faɗa a ji, wanda ya ciyar da kai yau yana sa ran ƙuri'arka gobe a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya. Duk wannan gaskiya ne, ban musa ba.

Amma kun ga tsallen da ake yi? Daga yana da riba, sai a dira kan zai cuce ni. Tsakanin biyun nan akwai tazara mai nisa, kuma abin da ya kamata mu tambaya shi ne ribar tasa a ina take, a rayuwar ɗana ko a cutuwarsa?

[hoto: ma'aikaciyar lafiya na ɗiga wa jariri rigakafi]

Ku tuna 2003. Jita-jita ta tashi cewa rigakafin shan inna na hana haihuwa, Kano da Zamfara da Kaduna suka dakatar da shi. Cikin 'yan shekaru ƙwayar cutar da ta tashi daga arewacin Najeriya ta bazu ƙasashe kusan 20 da a da sun rabu da ita, har Yaman, har Indonesiya, ƙasar Musulmi da ke can ƙarshen duniya, yaransu suka shanye. Ƙwayar cuta bata neman biza jama'a, jirgi ɗaya ya ishe ta. To mutumin da ke Landan ko Jidda in ya biya kuɗin rigakafin yaron Shinkafi, kansa yake karewa, in gemun ɗan uwanka ya kama da wuta shafa wa naka ruwa. Ribarsa ita ce ɗanka ya tashi da ƙafafunsa lafiya, domin in ɗanka ya kamu nasa ma bai tsira ba. A nan buƙatarsa da taka hanya ɗaya suka bi, kuma da aka koma rigakafin aka dage, a watan Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da asalin ƙwayar shan inna, Najeriya ce ta ƙarshe.

Na san wani zai ce to gwajin maganin Trovan fa, wanda kamfanin Pfizer ya yi a Kano lokacin sanƙarau na 1996? Wallahi wannan ciwo ne, yara 11 suka rasu cikin waɗanda aka sa a gwajin, an yi shari'a, a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75. Tsoron mutanenmu yana da tushe, ni ban raina shi ba. Amma wancan kamfani ne ke gwada sabon magani, ribarsa na cikin sakamakon gwajin. Shi ya sa nake cewa a tambaya, a bincika, a ga hatimin NAFDAC, a ji ta bakin likitocinmu da sarakunanmu, kada a rufe ƙofa gaba ɗaya a kan yaron da ke kwance.

[hoto: ana auna damtsen yaro da ɗan tef mai launi, ya tsaya kan ja]

'Yar ledar abincin nan da ake ba yara masu tamowa a asibiti, gyaɗa ce da madarar gari da sukari da mai da bitamin, ba wani sihiri, har a Kano ana yinta yanzu. In tef ɗin nan ya nuna ƙasa da santimita 11.5 yaro na cikin hatsari, sati shida zuwa takwas yana shanta sai ka ga kumatu sun dawo, har ya fara ƙwace wa yayansa tuwo. Iyayenmu mata don Allah magani ce, kada a raba wa sauran yara, kada a kai kasuwa, masu saye kuma ku ji tsoron Allah.

Abin da ke ci min rai shi ne tsarin agajin Majalisar Ɗinkin Duniya a Najeriya ya fi karkata ga Borno da Adamawa da Yobe, mu nan arewa maso yamma dama can raguwa muke samu, ga gadajen yara a Maiyama da Zurmi da Gummi na cika duk damina. Ingila ma ta ce za ta rage tallafinta zuwa kashi 0.3 cikin ɗari na abin da take samu nan da 2027 don ta ƙara wa soja. A Abuja aka sa hannu a 2001 cewa kowace ƙasar Afirka za ta ware kashi 15 na kasafinta ga lafiya, gwamnatin tarayya har yau wajen kashi 5 take lilo. In ɗan majalisarku ya zo gida ku tambaye shi nawa aka sa wa abincin masu tamowa a kasafin jiha na bana, kuma nawa aka saki.