Yadda Sojojin Amurka Ke Sayar wa Fararen Hula Tsofaffin Fistol Ɗinsu

Kun san keken ɗinki na Singer, wanda da wuya a rasa shi a shagon tela. To kamfanin nan ya taɓa ƙera bindiga. A farkon yaƙin duniya na biyu gwamnatin Amurka ta ba shi kwangilar gwaji, ya ƙera ƙananan bindigogi guda 500, daga nan aka mayar da shi ga wasu ayyukan yaƙin. A shekarar 2017 an yi gwanjon ɗaya daga cikin waɗannan 500, ta tashi a kan dala 414,000.

Sunan wannan samfurin bindiga M1911. Yau za mu bi sawunta ne, mu ga yadda ta fito daga ƙugun soja, ta yi shekaru kwance a rumbu, sannan gwamnati da kanta ta amince a sayar da ita ga farar hula. Ga mai kallo daga Kano ko Maraɗi, wannan magana ce mai kama da tatsuniya. A can kuwa doka ce rubutacciya, mai takardun cikewa da farashi.

Mu fara da ita kanta bindigar. Wanda ya zana ta shi ne John Browning, kamfanin Colt ya ƙera, rundunar sojan Amurka ta karɓe ta a watan Maris na 1911, shi ya sa ake kiranta da wannan lamba. Kafin ita sojojin na riƙe da libarba mai ƙaramin harsashi, kuma a yaƙin da suka yi da Musulmin Moro a kudancin Filifin sun riƙa kukan cewa ana harbin mutum amma bai faɗuwa. Sai aka nemi mai babban harsashi. Ta Browning na cin harsashi 7, kowanne kaurinsa ya ɗan wuce milimita 11. A gwajin ƙarshe an harba harsashi 6,000 da guda ɗaya ba ta cije ba.

Ta yi yaƙin duniya na ɗaya, ta yi na biyu, ta je Koriya, ta je Biyetnam. Jimillar waɗanda sojojin suka saya ta kai kusan miliyan 2 da dubu 700. Lokacin yaƙin duniya na biyu Colt shi kaɗai ya kasa, dole aka raba aikin. Wanda ya fi kowa ƙerawa shi ne Remington Rand, kamfanin da sana'arsa tafireta ce. Akwai Ithaca mai bindigogin farauta, akwai Union Switch and Signal mai kayan siginar jirgin ƙasa, sai kuma mutumin namu Singer.

Daga 1945 aka daina sayen sababbi da yawa, sai dai gyara. A kwance wannan, a ɗauki bututun waccan, a sake fenti, a mayar wa soja. Haka aka yi ta lallaɓawa har 1985, lokacin da Beretta M9 ta Italiya ta gaje ta. Ita ma Berettar an fara sauya ta da SIG Sauer a 2017.

To ina tsofaffin suka tafi? Wasu an ba ƙasashen ƙawance. Wasu an niƙe su. Sauran, kimanin 100,000, aka jibge su a babban rumbun sojoji da ke Anniston, a jihar Alabama.

Duk rundunar da ta tara kwantan makamai, hanyoyi uku ne a gabanta. Ko ta ci gaba da ajiya tana biyan kuɗin gadi da ƙidaya, ko ta lalata, ko ta sayar. Amurka ta gwada duka ukun. A shekarun 1990 akwai wani ƙaton inji a Anniston ɗin nan da aikinsa kawai shi ne tauna bindigogi yana tofar da gutsattsarin ƙarfe. Masu sha'awar tarihin makamai suka yi ca, 'yan majalisa suka sa baki, aka taka wa injin birki. Sai aka koma ajiya. Ɗan majalisar wakilai Mike Rogers, wanda Anniston ke cikin mazaɓarsa, ya ce ajiyar waɗannan fistol na cin kusan dala 200,000 a shekara, wato kamar dala 2 kan kowace. A kasafin sojan Amurka wannan kuɗin goro ne. Saboda haka duk wanda ya ce muku tsadar ajiya ce ta sa aka sayar, bai gaya muku rabin labarin ba.

Sauran rabin yana wurin mai sayarwar. Sojoji ba sa kafa teburi a bakin bariki suna ciniki. Akwai wata ƙungiya ta musamman, Civilian Marksmanship Program, a taƙaice CMP, wato shirin koya wa farar hula iya harbi. Asalinta 1903 ne, zamanin shugaba Theodore Roosevelt. Bayan yaƙinsu da Sifaniya a 1898, manya suka lura cewa samarin da ake ɗauka soja da yawansu ba su iya saiti ba. Sai aka ce a koya musu tun suna gida, a shirya gasa, a sayar musu da tsofaffin bindigogin soja da araha su riƙa atisaye. Shekara da shekaru shirin na ƙarƙashin rundunar soja, ana ba shi kuɗi daga baitulmali. A 1996 majalisa ta yaye shi, ta mayar da shi kamfani mai zaman kansa wanda ba don riba aka kafa shi ba, ta ce daga yau ka ci da kanka.

Da me zai ci da kansa? Da sayar da bindigogin da sojoji ke ba shi kyauta. Babbar hajarsa ita ce doguwar bindigar nan M1 Garand ta yaƙin duniya na biyu. Ofishin binciken kuɗi na majalisar Amurka ya ce daga 1996 sojoji sun miƙa wa CMP bindigogi fiye da 700,000, kuma tsakanin 2008 da 2017 cinikin dogayen bindigogin ya kawo mata kusan dala miliyan 197. Da wannan kuɗi take gudanar da gasar ƙasa a Camp Perry da ke jihar Ohio, da horar da matasa, da filin harbin da ta buɗe a Talladega a 2015. Matsalar ita ce an daɗe da daina ƙera wa sojoji Garand. Rijiya ce da ba ta da idon ruwa, kowane guga aka ja ta ragu. Har sai da aka riƙa kwaso waɗanda aka ba wasu ƙasashe aro tun da daɗewa: a 2018 an dawo da kimanin 86,000 daga Filifin, da wasu 13,000 daga Turkiyya. A irin wannan hali, fistol 100,000 da ke kwance a gari ɗaya da hedikwatar CMP, ai tuwo ne ya faɗo cikin miya.

Sai dai dokar ta hana. Izinin da CMP ke da shi a lokacin na dogayen bindigogi ne, ban da ƙanana. Kuma hanin yana da tarihi.

Kafin 1968, a Amurka mutum na iya ganin tallar bindiga a mujalla, ya aika kuɗi ta gidan waya, a kawo masa har gida. Kasuwa ta cika da rarar makaman yaƙin duniya. Lee Harvey Oswald ta wannan hanya ya sayi tsohuwar bindigar sojan Italiya da aka harbe shugaba Kennedy da ita a 1963, kuɗinta bai kai dala 20 ba in an cire na aikawa. Libarbar da ya kashe ɗan sanda Tippit da ita a ranar, ita ma rarar yaƙi ce da ya yi oda ta gidan waya. Bayan an kashe Martin Luther King da Robert Kennedy a 1968, majalisa ta yi dokar da ta rufe wannan ƙofa. Daga lokacin, maganar gwamnati ta saki ƙananan bindigogin soja ga jama'a ta zama abin da ake kaffa-kaffa da shi.

Mike Rogers ne ya sake tayar da maganar a 2015, ya saƙala ta cikin dokar kasafin tsaro. Wannan dabara ce da 'yan majalisar can suka ƙware a kai: dokar tsaro ba ta faɗuwa, don haka duk abin da aka ɗora mata sai ya haye. Gwamnatin Obama ba ta so ba. Hujjarta ita ce fistol na ɓoyuwa a ƙarƙashin riga, kuma yawancin kisan da ake yi da bindiga a Amurka da ƙananan ake yi. Obama ya sa hannu a kan dokar a watan Nuwamba na 2015, amma lafazinta ya ce sakataren rundunar soja "yana iya" miƙa har 10,000 a shekara. Tunda iyawa aka ce, sai sakataren ya naɗe hannu. Ko ɗaya ba ta fita ba. A Disamba 2017 Trump ya sa hannu a kan sabuwar doka da ta mayar da "yana iya" ta koma "dole", aƙalla 8,000, kada a wuce 10,000. A farkon 2018 kashin farko na 8,000 ya isa hannun CMP.

Yanzu mu ga yadda aka tsara sayen a 2018, don nan ne mutane da yawa ke kuskuren fahimta. Sai ka kasance ɗan ƙasar Amurka, ka kai shekara 21, kana cikin ƙungiyar harbi da ke da rajista da CMP, kuma ka kawo shaidar cewa ka taɓa samun horo ko ka shiga gasa. Ka cike takardu, jami'in rantsuwa ya buga hatimi, ka aika ta gidan waya. A zagayen farko an buɗe ƙofa wata ɗaya tak, daga 4 ga Satumba zuwa 4 ga Oktoba na 2018, kuma takardun da suka shigo sun kai wajen 19,000, sun ninka bindigogin fiye da sau biyu. Sai aka sa kwamfuta ta yi ƙuri'a, ta ba kowa lamba. Idan layi ya zo kanka, a kira ka a gaya maka abin da ya rage. A lokacin, mai kyan jiki dala 1,050, matsakaiciya 950, wadda ta sha jiki 850. Waɗanda ba a cika samun irinsu ba kuwa, sai a ware su a kai gwanjo. Kowane mutum guda ɗaya aka yarda ya saya a wancan zagaye.

Ba a nan ta ƙare ba. CMP za ta tura sunanka ga tsarin binciken FBI, a duba ko an taɓa kama ka da babban laifi ko akwai wani dalilin da ya haramta maka riƙe makami. In ka tsallake, ba gidanka za a aiko bindigar ba, sai shagon dillali mai lasisin gwamnatin tarayya. Can ma a sake bincikenka kafin a miƙa maka. Bincike biyu ke nan, alhali wanda ya shiga shago sayen sabuwa sau ɗaya ake yi masa.

Ku kuma duba farashin. Da rabin wannan kuɗi mutum zai sami sabuwar kwaikwayon M1911 ƙirar Turkiyya ko Filifin. Ɗan fashi ba zai shiga ƙungiya, ya nemi hatimi, ya jira layi ya zo kansa, sannan ya biya dala dubu don tsohon ƙarfe mai shekara 70 da ɗoriya ba. Masu sayen nan tarihi suke saya. Wani kakansa ya rataya irinta a fagen yaƙin Normandy da ke Faransa, wani shi da kansa ya riƙe ta a Biyetnam. Abin da suke nema shi ne rubutun da ke jikinta mai cewa mallakar gwamnatin Amurka ce. A wannan gaɓa, a ganina, magoya bayan shirin sun fi hujja.

Inda masu suka ke da gaskiya shi ne abin da ke faruwa bayan an kai ta gida. Bindigar da ta yi shekara 100 tana aiki za ta iya yin wasu 100, mai ita kuwa ba zai yi ba. Za a gaje ta, ko a sayar, ko ɓarawo ya fasa mota ya ɗauke. A jihohi da dama mutum na iya sayar wa wani bindigarsa hannu da hannu ba tare da wani bincike ba, kuma wata doka ta 1986 ta hana gwamnatin tarayya ajiye rajistar masu bindiga. In an tsinci ɗaya a wurin da aka yi laifi, hukuma za ta bi lambar jikinta har zuwa wanda ya fara saya. Daga nan sai tambaya baki da baki. Duk tsaurin da aka yi, a kan mutum na farko ya tsaya.

A wajenmu lissafin daban yake. A dokar makamai ta Najeriya ta 1959, fistol da libarba na cikin jerin haramtattun makamai, lasisinsu sai shugaban ƙasa. Yarjejeniyar ECOWAS ta 2006 kan ƙananan makamai kuma ta ce rarar da gwamnati ba ta buƙata a tattara a lalata. Wanda ya ga abin da ya biyo bayan fashewar rumbunan Libiya a 2011, daga arewacin Mali har zuwa dazuzzukanmu, ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani kan dalili.

Su kuwa a Anniston, zagaye ya bi zagaye, an ma sassauta adadin da mutum ɗaya zai iya mallaka. Ma'aikata na buɗe akwatuna, suna kwance kowace fistol, suna duba bututu da kunama, suna rubuta lambarta. Wata gangar jikinta Colt, samanta Remington Rand, saboda wani makerin soja ya haɗa su tun kafin a haifi yawancin masu kallon wannan bidiyo. In sun gama sai su maƙala mata takardar daraja, su sa ta a kanta, ta jira wanda layi zai zo kansa.