Jawabin Maraba ga Jakadan Meziko a Kasuwar Dawanau

Assalamu alaikum. Mai girma Jakadan Meziko a Najeriya, ranka ya daɗe Hakimi, dagatai da masu unguwanni, shugabannin kasuwa, iyayenmu manoma, 'yan uwana dillalai.

A madadin 'yan kasuwar zoɓo na Dawanau, ina yi wa babban baƙonmu lale marhabin. Sannu da hanya, sannu da ƙura.

Mai girma Jakada, ka zo inda sunan ƙasarka ba baƙo ba ne. Mafi yawan busasshen zoɓon da Najeriya ke fitarwa, Meziko yake nufa. Matan nan da ka wuce a ƙofar sito, suna tsince tsakuwa da kara a kan tabarmi har yatsunsu sun rine ja, aikin hannunsu ake jiƙawa a sha da sanyi a gidajen abincinku. Gwamnatocinmu sun ƙulla hulɗar jakadanci a 1976, amma gonakinmu sun riga su: masarar da muke tuwo da ita, a ƙasarku aka fara nomanta dubban shekaru da suka wuce.

Muna bibiyar labarinku domin akwai darasi a ciki. Ƙidayar 2020 ta nuna kuna da mutum miliyan 126, babu ƙasar da ta kai ku yawan masu jin Sifaniyanci. Birnin Meziko da kewayensa kaɗai na ɗauke da sama da miliyan 21, a kan tudu mai tsayin fiye da mita 2,200. Wani kaso na ruwan shansu daga madatsun Kutsamala yake zuwa, tafiyar sama da kilomita 100, injuna na tura shi hawan dutse kafin ya isa famfo. Jirgin ƙasa na cikin gari yana aiki tun 1969, yau layinsa 12. Duk wanda ya taɓa maƙalewa a cunkoson Kurna da yamma, ko ya jira mai kura ya kawo jarka, ya san nauyin wannan aiki, kuma ya san ba a wayi gari aka same shi ba.

A fannin ciniki ma kun yi nisa. A 2023 kun sha gaban Sin a sayar wa Amurka kaya, da motocin da ake haɗawa a Puwebla da masana'antun Monterre. A shekarar ce kuma 'yan ƙasarku mazauna waje suka aiko gida da sama da dala biliyan 63. Sai dai kusan kashi 80 cikin 100 na abin da kuke fitarwa, maƙwabci ɗaya, wato Amurka, ke saye. Mun san ciwon hakan, domin mu ma haka muke da ku. Lokacin da aka dakatar da shigar zoɓonmu Meziko saboda ƙwaron da aka gani a cikin kaya, buhuna sun yi tsibi a sito-sito, farashi ya faɗi warwas, manomi a Maigatari ya rasa kuɗin taki. Ba ƙorafi muke ba, kowace ƙasa tana da haƙƙin tsare gonakinta. Fatanmu dai kada a maimaita.

Shi ya sa muke da roƙo. A turo mana ƙwararrunku masu duba lafiyar amfanin gona, su zauna da yaranmu a nan, su nuna musu yadda ake feshi da adana kaya bisa ƙa'idarku, a tantance kwantena tun daga Kano. Yanzu tirela ke jan zoɓo wajen kilomita 1,000 zuwa Legas, ga kuɗin mota, ga shingaye, ga jiran layi a tashar ruwa, riba tana zagwanyewa a hanya. Ku da kuka farfaɗo da layin dogo tsakanin Kowatsakowalkos da Salina Kurus, kuka haɗa tekuna biyu, kuna da abin faɗa mana kan haɗa tashar tsandauri ta Dala da bakin ruwa. Muna kuma son a haɗa mu kai tsaye da masu saye na can, mu san juna ido da ido.

Mai girma Jakada, bayan jawabinka za mu zagaya da kai sito-sito ka ga yadda ake awo da ɗinkin buhu, sannan a ci abinci. Allah ya sa ka koma Abuja lafiya. Na gode.